Malam Isa Wali da Maganar Mata a Shafin Jarida

A cikin watan Yuli na shekarar 1956, jaridar Nigerian Citizen wadda Kamfanin Gaskiya ke bugawa da Turanci a Tudun Wadar Zariya ta fara fitar da wani jerin rubutu a kan haƙiƙanin matsayin mace a addinin Musulunci. Da a ce wani Bature ne ko ɗan Kudu ya sa hannu a ƙarshen rubutun, da manyan Arewa sun kawar da kai sun ce bai san inda aka dosa ba. To amma wanda ya sa hannun ɗan gida ne, matashin da bai wuce shekara 28 ba, ma'aikacin majalisa a Kaduna, ɗan Walin Kano, wanda kuma ya yi karatun tafsiri da hadisi a gaban malamai. Sunansa Malam Isa Wali. Matasanmu na yau da yawa ba su san shi ba, waɗanda suka san sunan kuwa galibi a jikin allon wata ƙungiya suka gan shi. Ina ganin ya kamata duk mai riƙe da alƙalami ko makirfo yana magana a kan 'ya'ya mata a Arewa ya san wannan bawan Allah, ya san abin da ya yi daidai, da kuma inda ƙoƙarinsa ya tsaya.

An haifi Isa Wali a birnin Kano a 1928, cikin zuri'ar Gyanawa, wato Fulanin nan da aka sani da fiƙihu da alƙalanci, zuri'ar da Malam Aminu Kano ma ya fito daga cikinta. Mahaifinsa, Wali Sulaimanu, malami ne kuma aminin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Tare suka je aikin hajji a 1937, tafiyar da suka haɗu da Shehu Ibrahim Inyass, haɗuwar da ta sauya tarihin ɗariƙar Tijjaniyya a ƙasar Hausa. Wali Sulaimanu ya rasu a 1939, Isa yana ɗan shekara 11. Bayan karatun allo ya yi elementare a Kwaru, ya wuce Midil ta Kano. Hanyar da aka saba ga yaro mai ƙwazo a wancan zamani ita ce daga Midil sai Kwalejin Kaduna, inda aka ƙyanƙyashe da yawa daga cikin ministocin Jamhuriya ta Farko. Shi kuwa Makarantar Shari'a ta Kano ya shiga, wadda aka kafa a 1934 domin horar da alƙalai, aka kawo mata malamai daga Sudan, daga baya a 1947 aka sauya mata suna ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Ya yi karatu a can daga 1943 zuwa 1948, kusan lokaci guda da Malam Abubakar Gumi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne ya ba rubutunsa na 1956 nauyi, shi ne kuma ya sa rubutun ya yi zafi.

Da ya gama sai ya koma Kaduna ya kama aikin tafinta a Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Arewa. A nan zan ɗan dakata, domin a matsayina na mai nazarin harshe ba na raina wannan aiki. Tafinta shi ne mutumin da ya fi kowa sanin inda magana ke zubewa a hanya. Sarki ya yi magana da Hausa mai lulluɓi, cike da habaici da kara, Bature yana jiran a miƙa masa ita tsirara. Bature ya yi tasa da kalmomin dokar Ingila, sarakuna suna jiran a sa mata riga. Wanda ya yi shekaru a tsakanin waɗannan biyu ya san cewa gaskiya ɗaya ce, amma ƙofar da za ta shiga zuciyar mutum ta dogara ga harshen da aka ɗauko ta da shi. A 1951 aka tura shi Landan ya yi wata tara yana koyon yadda ake tafiyar da majalisar dokoki, ya dawo ya zama mataimakin akawun majalisa. Dokar aiki ta hana ma'aikacin gwamnati shiga jam'iyya, saboda haka alƙalami ne ya rage masa.

To wane hali mata ke ciki a Arewa lokacin da ya ɗauki alƙalamin? Makarantun 'yan mata na farko da hukuma ta buɗe a Kano da Katsina sun fara ne a 1930, kwalejin horar da malamai mata ta Sakkwato ta biyo baya a 1939, amma sai a wannan shekara ta 1956 ne Jihar Arewa ta samu sakandaren gwamnati ta 'yan mata ta farko, wato makarantar Sarauniya Alsabatu da ke Ilori. Matan Gabas sun samu damar jefa ƙuri'a a 1954, na Yamma sun fara samu a 1955, na Arewa kuwa jam'iyyar NPC mai mulki ta tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba. NEPU ce ta ɗauki maganar, mata irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha duka da ɗauri a kanta, aka kuma yi musu kuɗin goro da sunan da mai kunya ba ya son maimaitawa. Abin da ke ba ni mamaki a duk lokacin da na tuna shi ne, a watan Fabrairu na wannan shekarar ce sarakunan Arewa suka yi hawan daba a Kaduna, dubban dawaki suka yi jahi a gaban Sarauniyar Ingila, mace 'yar shekara 29. Wata biyar bayan haka ɗan malamai ya tambaya a jarida, shin me ya hana matanmu?

Hujjarsa daga cikin gida ya ɗebo ta. Ya ce babu wani abu a Musulunci da ya hana mace neman ilimi ko yin sana'ar da take so ko shiga al'amuran jama'a, ya kafa misali da Nana A'isha (RA) da sauran iyayen muminai, da kuma matan da tarihin Musulunci ya san su da mulki da fatawa da ba sarakuna shawara, har da fita fagen fama a farkon zamani. Ya taɓa kulle irin wanda ake yi a ƙasar Hausa, yana ganin al'ada ta fi nassi yawa a cikinsa. Ya kuma taɓa wurin da ya fi ko'ina ciwo, wato auren mace fiye da ɗaya, inda ya fahimci cewa abin da Alƙur'ani ya fi karkata gare shi shi ne mace ɗaya, ƙari kuwa rangwame ne da aka ɗaure da sharaɗin adalci domin yanayi na musamman.

Ba duk abin da ya faɗa ne zan sa masa hannu ba. A kan maganar adalci tsakanin mata, jumhurin malamai sun bambanta adalcin ciyarwa da rabon kwana, wanda yake cikin ikon miji, da karkatar zuciya wadda ba ta cikin ikonsa, kuma wannan amsa ce mai ƙarfi da ba a tsallake ta da gaggawa. A kan shugabanci ma akwai hadisin da masu ja da shi za su kawo, kuma har gobe malamai na tattauna iyakar hukuncinsa. Amma duba irin muhawarar da ya tilasta a yi. Wanda zai mayar masa da martani dole ya buɗe littafi, ya kawo aya, ya kawo hadisi, ya faɗi wanda ya ruwaito. Ba zai ce masa kafiri ba, ba zai ce masa jahili ba. Kuma da zarar an buɗe littafi, to an shiga filin da mace take da gado da sadaki da dukiyar kanta da haƙƙin a nemi yardarta da haƙƙin a karantar da ita, abubuwan da al'ada ta daɗe tana dannewa. Hasali ma ba sabuwar hanya ya sara ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a gida. Isa Wali tsohuwar magana ya ɗauko ya ɗora ta a kan sabon abin hawa, wato jarida.

Rubutun ya tayar da ƙura, manya suka fusata, zaman Kaduna ya yi masa wuya. A 1957 ya bar aikin Jihar Arewa ya koma Ikko, ya shiga sahun farko na ma'aikatan harkokin waje da ake shiryawa ƙasar da ke dab da samun 'yancin kai. Ya yi aiki a Niyok a shekarun da Najeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, ya dawo ya riƙe sashen harkokin Afirka a ma'aikatar, sannan a 1964 aka naɗa shi babban jakadan Najeriya a Gana. Yana kan wannan kujera sojoji suka kifar da Kwame Nkrumah a Fabrairun 1966, kuma a ƙasar da yake jakada ne aka yi taron Aburi a Janairun 1967, inda Gowon da Ojukwu suka zauna neman kauce wa yaƙi. A watan Fabrairu na 1967 Allah Ya yi masa rasuwa yana da shekara 38, 'yan watanni kafin yaƙin ya ɓarke. Najeriya ta samu jakada, amma Arewa ta yi asarar mai faɗa mata gaskiya daga cikin ɗaki, tun shekara goma kafin mutuwa ta ɗauke shi.

Yanzu ga tambayar da ta sa na ɗauko tarihin nan. Wa ya karanta rubutun 1956? Ministoci sun karanta, akawuna da malaman makaranta sun karanta, Turawan mulki sun karanta. To mutanen Ɗandume fa? A lokacin jirgin ƙasa na tsayawa a Funtuwa yana kwasar auduga, kuma ba na shakkar jaridar ta riƙa isa ofishin En'e da na kamfanin auduga. Amma manomin da ke yanke shawarar ko 'yarsa za ta shiga aji ko za a ɗora mata farantin talla ba ya jin Turanci, matarsa ma haka, ita yarinyar balle. Ga shi kuwa a harabar da ake buga Nigerian Citizen ake buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, ga ƙananan jaridun larduna na zamanin Yaƙi da Jahilci, irin su Himma ta lardin Katsina da Sodangi ta Kano da Bazazzaga ta Zariya, waɗanda mutum ɗaya ke karantawa goma na saurare a gindin bishiya. Tafintan da ya fi kowa sanin darajar harshe ya yi babbar maganarsa da harshen da masu matsalar ba sa ji. Ina iya fahimtar dalili: masu mulki yake so su ji, kuma a hannunsu doka take. Sai dai sakamakon shi ne maganar ta isa kunnen waɗanda za su hukunta shi, ba ta isa kunnen waɗanda za su amfana ba. Kwatanta wannan da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Ita takan rubuta da Larabci domin malamai, da Fulatanci domin 'yan gida, da Hausa domin matan karkara, sannan ta naɗa jajis su ɗauki karatun da ƙafa su kai shi ƙauyuka. Ta warware matsalar isar da saƙo shekaru kusan ɗari kafin a kafa Kamfanin Gaskiya. A gidan Wali Sulaimanu kansa, ɗan'uwansa Na'ibi Sulaimanu Wali ne ya bi hanyar rubutun Hausa.

Rediyo ce ta zo ta cike wani ɓangare na wannan giɓi. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, shekarar da Isa Wali ya bar Arewa, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kuma akwatin rediyo ya shiga inda jarida ba ta taɓa shiga ba, har ɗakin matar kulle. Ƙuri'ar da ya yi wa fatawa kuwa sai a 1976 matan Arewa suka same ta, a zaɓen ƙananan hukumomi, da dokar soja, shekara 20 bayan rubutunsa, shekara tara bayan rasuwarsa. A 1983 ɗan'uwansa Bagyane, Malam Aminu Kano, ya zaɓi mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa.

Amma jin Hausa kaɗai bai wadatar ba, sai an duba wace Hausa. 'Yan jaridarmu sun saba cewa 'yancin mata. Kalmar 'yanci daga 'ya take, wato wanda ba bawa ba, shi ya sa a karin harshen yamma ake cewa ɗiyauci. Idan ka ce wa magidanci a Ɗandume kana nema wa 'yarsa 'yanci, abin da kunnensa ya ji shi ne kana kiransa ubangidan baiwa, kuma kana so ka kwance ta daga hannunsa. Ƙari a kan haka, a Hausa idan aka ce mace mai zaman kanta ce, kowa ya san abin da ake nufi. Kalmar haƙƙi kuwa daban take. Haƙƙi abu ne da ke kan wuyan wani, wanda za a tambaye shi a gaban Allah, shi ya sa Bahaushe ke tsoron ɗaukar haƙƙin ko da dabba. Ka ce wa wannan magidancin karatun 'yarsa haƙƙi ne a wuyansa, za ka ga ya gyara zama. Ko da yake da Turanci Isa Wali ya yi rubutu, da ma'aunin haƙƙi ya yi tunani. Da yawa daga cikinmu yau da Hausa muke rubutu, amma tunanin fassararre ne.

Mu mutanen yankin Funtuwa mun ga gwajin wannan da idonmu. A watan Maris na 2002 kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, 'yar ƙauyen Kurami, hukuncin jefewa. A watan Agusta babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da shi. Kafafen yaɗa labarai na duniya suka yi caa, wasu 'yan takarar gasar sarauniyar kyau ta duniya da aka shirya yi a Abuja suka ƙaurace, sannan a watan Nuwamba wani rubutun ganganci a jaridar ThisDay a kan gasar ya jawo tarzomar da ta ci rayuka sama da 200 a Kaduna. Takardun koke suka cika intanet, wasu ɗauke da labarin ƙarya cewa Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin har an sa ranar zartarwa. Abin ya kai ga a 2003 ƙungiyar BAOBAB, wadda Dokta Ayesha Imam ke cikin jagororinta kuma take cikin masu taimaka wa Amina, ta fito ta roƙi masu wannan gangami daga waje su dakata, domin kurakuransu da zagin addini da ke cikin wasu takardun suna ƙara jefa matar cikin haɗari. Ranar 25 ga Satumban 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta soke hukuncin, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Da me aka ci nasara? Da hujjojin da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka ɗebo daga fiƙihun Malikiyya da dokar jihar kanta: cewa mai iƙirari na da damar janye iƙirarinsa, cewa alƙali ɗaya ya zauna inda doka ta ce uku, cewa mazhaba ta yarda da kwantaccen ciki ga matar da aka saka. Hanyar Isa Wali ke nan, shekara 47 bayan ya nuna ta. Hayaniyar waje ta sa duniya ta san sunan Amina, amma littafin da ke kan teburin alƙali ne ya mayar da ita gida.

Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne kuɗin da 'yan mata ke biya bayan kowace irin wannan hayaniya. A ganina, duk lokacin da maganar mata ta zo wa mutanenmu da siffar hari daga waje, uba yakan ƙara ɗaure fuska, kuma wadda ke kusa da hannunsa ita ce 'yar aji shida da ke jiran a ce ta wuce sakandare. Mun sake ganin haka a 2013, lokacin da Majalisar Dattawa ta yi muhawara a kan wani sashe na tsarin mulki da ya shafi barin zama ɗan ƙasa, kafafen Kudu suka mayar da ita kamar an halatta aurar da ƙananan yara, mutanenmu kuma suka ɗauka an taso wa addini, aka rabu kowa ya ƙara ƙanƙame inda yake. Sauran lokuta kuwa ba a tunawa da 'ya'yanmu sai masifa ta auku. Sunan Ɗandume ya zaga duniya a Disambar 2020 saboda 'yan bindiga sun tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta a kan hanyarsu ta dawowa daga Mauludi, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, kafin Allah Ya sa a kuɓutar da su. Yarinyar da ke sauraren rediyo a tsakar gida tana jin irinta a labarai a matsayin wadda aka sace ko wadda aka yanke wa hukunci. Ba kasafai take jin labarin 'yar manomin masara da ta zama ungozoma ko malamar lissafi ba, alhali akwai su a kowace gunduma tsakanin Ɗandume da Malumfashi.

Yadda Isa Wali ya yi da nasa gidan shi ma hujja ce, domin an ce idan kana son sanin gaskiyar mai wa'azi, leƙa bayan zaurensa. Ya rasu ya bar yara ƙanana, kuma 'ya'yansa mata sun yi karatu mai zurfi. Ɗaya daga cikinsu, Hajiya Maryam Uwais, ta zama lauya, ta riƙe muƙamin mai ba shugaban ƙasa shawara a kan shirye-shiryen tallafa wa marasa galihu a zamanin mulkin Muhammadu Buhari, kuma a 2009 ta kafa ƙungiyar taimakon mata da ƙananan yara a Kano, ta sa mata sunan mahaifinta. Allah Ya jiƙan Malam Isa Wali, Ya gafarta masa kurakuransa.